Bayan rafin garinmu akwai mutane

Saura kwana biyu ƙaramar sallar 2025 labarin Uromi ya iso garinmu. An idar da asham muna zaune a teburin mai shayi sai wani ƙanena ya miƙo min waya hannunsa na rawa ya ce Yaya kalli abin da aka yi wa mutanenmu a kudu. Wallahi ban iya kallon bidiyon nan har ƙarshe ba, na miƙa masa wayarsa, shayin ma a nan na bar shi. Mutum 16 ne, mafarauta, sun taso daga jihar Ribas a bayan babbar mota za su zo gida su yi sallah da iyalansu, 'yan banga suka tare motar a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka irin na farauta sai aka ce ai masu garkuwa da mutane ne, babu alƙali babu shari'a, jama'a kawai suka rufar musu da duka aka sa taya da fetur. Yawancinsu 'yan nan ƙasar Kano ne, da dama daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, gefenmu ne nan, kasuwanni ɗaya muke ci da su. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu Ya ba iyalansu haƙuri.

Amma abin da ya hana ni barci a daren nan ba bidiyon ba ne kaɗai. Muna cikin jimami kowa na faɗar albarkacin bakinsa, wani matashi da bai wuce shekara ashirin ba ya miƙe ya nuna gabas da hannu, wajen da rafi yake, ya ce to ai mu ma ga nasu nan a hannunmu. Wuri ya yi tsit. Kowa ya gane su wa yake nufi. Sai wani baffanmu da ke gefe yana jan carbi ya ɗago kai ya ce kai yaro zauna, su ne suka kashe su? A cikinsu akwai wanda ya taɓa taka Edo? Yaron ya zauna, magana ta wuce, amma ni har yau ba ta wuce min ba, don na ga yadda mutum biyu uku suka gyaɗa kai kafin baffa ya yi magana, kuma na san da babu dattijo a wajen a wannan daren da Allah kaɗai Ya san inda zancen zai tsaya.

Waɗanda ya nuna ɗin Maguzawa ne, gidaje ne da ba su kai talatin ba a ƙetaren rafi. Yawancinsu yanzu Kirista ne, suna da ɗan cocinsu na ƙasa mai rufin kwano, akwai tsofaffi kaɗan da suke kan al'adar kakanninsu. Hausawa ne fa tsantsa, ba su da wani yare sai Hausa, wani tsohon ma in yana magana sai ka ji kalmomin da mu mun manta da su. Irinsu suna nan warwatse a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo da Ƙaraye da Kiru, da can Jigawa da Katsina da ƙasar Zazzau. Ba baƙi ba ne, ba daga wani wuri aka kwaso su aka kawo mana ba. Ko lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da aka fara a 1804 ba a ce a kore su ko a ƙare da su ba, an bar su a gonakinsu a matsayin 'yan amana suna biyan jiziya. Malaman da suka fi mu sanin addini nesa ba kusa ba, kuma ga takobi a hannunsu ga mulki, sun zauna da su. To mu wane ilimi muka samu da ya wuce nasu?

Na tashi na ga gonarmu da ta wani dattijonsu iyaka ɗaya, Baba muke ce masa, mahaifina kuma yana ce masa maƙwabci. In damina ta yi aka kira gayya tare ake yi, su zo mana mu je musu, matansu kuwa a noma ba a magana, sai su bar namiji a baya a kunya. In za su ciyar da 'yan gayya mahaifina suke kira ya yanka akuyar don kowa ya ci hankali kwance. Shekarar da mahaifina ya kwanta rashin lafiya gero ya isa girbi mu kuma muna yara, da asuba muka je gona muka tarar Baba da 'ya'yansa uku sun riga mu, sun yi nisa da aiki. Bai shigo gida ya ce zan taimaka ba, bai kuma zo daga baya ya ce na taimaka ba. Da mahaifiyata ta aika masa da dami biyu na godiya sai ya dawo da su da kansa a ka, ya tsaya a zaure ya ce a faɗa wa uwar gida in ta sake yi masa haka ta zage shi.

Wannan mutumin ne fa in ya shigo kasuwar garinmu yaron da bai kai jikansa ba zai ce masa arne a gaban jama'a babu mai tsawatarwa. Na ga da idona a bakin burtsatse, 'yarsa ta zo da jarka tun hantsi, duk wadda ta zo sai ta tsallake ta, da ta kai hannu kan moɗa wata ta fizge ta ce kar ki sa mana najasa, yarinyar ba ta ce uffan ba ta ɗauki jarkarta ba ruwa ta koma rafi. In an kawo takin gwamnati ko irin shuka aka zo rubuta sunaye, unguwarsu ce ake mantawa da ita, amma in zaɓe ya zo ko karɓar haraji a nan kowa ya san hanyar ƙetare rafi. Da maƙabartarsu ta cika suka nemi su sayi wani fegi da kuɗinsu, mai gonar ya yarda an yi ciniki, sai wasu suka je suka zuga shi ya fasa, shekara ta zagayo suna neman inda za su binne mamatansu. Wani zai ce to ai ba a kashe kowa ba, ba a ƙona gidan kowa ba, mene ne abin ɗaga murya. Ni kuma na ce daga nan ake farawa. Babu garin da aka wayi gari kawai aka ɗauki adda aka hau maƙwabci, sai an shekara da shekaru ana koya wa yara cewa wancan ba mutum ba ne kamar mu, ranar da wuta ta tashi kuma ba a buƙatar a yi musu wani bayani.

Ku dubi Rohingya da muka yi ta yi wa alƙunutu a masallatanmu. Musulmi ne tsiraru a jihar Rakhine ta ƙasar Myanmar inda mabiya addinin Buda suka fi yawa. Kafin a kai ga ƙona ƙauyukansu, da takarda aka fara, dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su a waje, aka ce su baƙi ne daga Bangaladash ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi, aka taƙaita musu tafiya daga gari zuwa gari, karatu da asibiti suka zama da ƙyar. Sai a watan Agustan 2017 sojoji suka afka musu, fiye da mutum 700,000 suka tsere da ƙafa da kwalekwale suka ƙetara Bangaladash, har yanzu suna can a sansanonin Cox's Bazar cikin bukkokin leda da gora. Ƙasar da ta tsaya musu ta kai Myanmar ƙara kotun duniya da ke Hague a watan Nuwamban 2019 ba wata babbar ƙasa ba ce, Gambiya ce, 'yar ƙaramar ƙasa a nan Afirka ta Yamma. Na yi kuka don Rohingya kuma har gobe ina yi musu addu'a. Sai dai duk lokacin da na ji ana ba da labarin yadda aka fara da su, a ce maka kai ba ɗan nan ba ne, a hana ka fili, a ware maka moɗa, sai jarkar yarinyar nan ta faɗo min a rai, kuma ba na jin daɗin kamannin da nake gani.

Abin da muke mantawa shi ne mu ma tsiraru ne, sai dai ba a nan ba. Wane gida ne a garin nan babu ɗan ci-rani? In kaka ta wuce rabin samarinmu suna Legas da Fatakwal da Anacha da Benin, wani na acaba wani na tura baro wani na sayar da albasa wani na gadi wani na wankin takalmi. Yayana ya yi shekara tara a Fatakwal yana sayar da tumatur da attaruhu. Ya ba mu labarin wata rana da rikici ya tashi a unguwar da yake, wani abu ne ya faru a can wani wuri da shi ko labarinsa bai ji ba, kawai sai ya ji ana ihu ana neman 'yan arewa. Matar da yake haya a shagonta, Kirista ce 'yar ƙabilar Ibo, ta jawo shi ta cusa shi ɗakin da take ajiye garin kwaki ta sa kwaɗo, ta ɗauko kujera ta zauna a ƙofar tana gyaran kifi, samari suka zo suka tambaye ta ina abokin nan ta ce ya tafi garinsu tun jiya. Kwana biyu ya yi a ɗakin tana miƙa masa abinci ta taga, har buta ta nemo masa don ta san yana sallah. Yau yayana yana da 'ya'ya shida. Duk wanda zai ce min Kirista ba shi da amana sai ya fara zuwa gidanmu ya ƙirga yaran nan tukuna.

Kuma mun ga inda ramuwar gayya take kai mutane. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011, cikin kwana uku aka kashe fiye da mutum 800 a jihohin arewa kamar yadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙirga. A garuruwan da Musulmi suka fi yawa an ƙona coci-coci an kashe Kirista, a kudancin Kaduna kuma, Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, aka kashe Musulmi ɗaruruwa. A kowane ɓangare wa ya mutu? Wanda ya fi kowa rauni a garin, wanda ba shi da yawa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai shayi a can, malamin makaranta a nan. Babu ɗan takara ko ɗaya da ya rasa ransa. Wanda ya taɓa Bamaguje a ƙauyen Kano yana ganin ya rama wa 'yan Torankawa, wallahi bai rama musu komai ba, ya dai ƙara wa ɗan ci-ranin da ke kwance a ƙarƙashin gada a Legas haɗari ne, don labarin zai isa can kafin gari ya waye. Kuma a nan dole in yaba wa mutanen Kano, bayan Uromi an yi fushi an yi kuka amma ba a ɗauki makami an shiga Sabon Gari ba, malamai sun yi ta jan kunne a wajen tafsiri da huɗubar idi, gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano da kansa ya gana da gwamna Abba Kabir Yusuf har aka kai shi Torankawa ya yi ta'aziyya. Abin da ya rage kuma wanda ba za mu daina nema ba shi ne a hukunta waɗanda suka yi kisan, su ɗin da kansu.

Ni ba malami ba ne amma na zauna gaban malamai, kuma abin da na ji a zaure ya ishe ni hujja. Musulmin farko tsiraru ne a Makka ana azabtar da su, ana kwantar da Bilal a rana a ɗora masa dutse, aka kashe Sumayya. Da abin ya yi tsanani ina Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura su? Habasha, wajen Najjashi, sarki Kirista, saboda sarki ne da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka don a dawo da su, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam, sarkin ya ƙi miƙa su. Wato addinin nan namu ya taɓa zama ɗan gudun hijira a hannun Kirista kuma aka riƙe shi da mutunci. A cikin Bukhari akwai hadisin da ya ce wanda ya kashe wanda aka yi wa alkawarin zaman amana ba zai ji ƙanshin aljanna ba. A cikinsa kuma akwai ranar da aka wuce da gawa Annabi ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ce? A Suratul Ma'ida aya ta 8 Allah Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku kasa yin adalci. Duk yaron da ya yi makarantar allo da islamiyya ya taɓa jin waɗannan, matsalar dai ana karanta su a zaure a bar su a zaure, ba sa biyo mu bakin burtsatse.

Akwai wanda ya fito da su daga zaure kuwa. Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Ranar 23 ga watan Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka yi ta gudu, yawancinsu Kirista 'yan ƙabilar Birom, dattijon nan mai shekara 83 ya buɗe gidansa da masallacinsa ya shigar da mutum 262, sannan ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi ba su hanya, yana roƙonsu har da cewa su kashe shi a madadin waɗanda ke ciki. A 2019 Amurka ta ba shi lambar yabo, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dalilin da ya bayar, cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin wajen ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Fili aka bayar, bayan shekaru filin nan ya zama mafakar 'ya'yan waɗanda suka bayar. Mu kuma a nan muna zuga mai gona kar ya sayar da fegin da za a binne gawa.

Na san abin da wasu za su rubuto min a ƙasa, don na sha ji. Za a ce kai kullum nasu kake gani, ina kake lokacin da aka tare matafiya a hanyar Rukuba a Jos a watan Agustan 2021 aka kashe fiye da mutum 20 suna dawowa daga zikiri a Bauchi, ina kake lokacin da aka ƙona kasuwar Shasha a Ibadan a farkon shekarar 2021, ina kake lokacin da aka harbe wata baiwar Allah mai ciki da 'ya'yanta huɗu a Anambra a 2022, kuma me ya sa in Musulmi aka kashe duniya ba ta cika ɗaga murya ba. Duk gaskiya ne, kuma ciwon yana raina kamar yadda yake ran kowa, ban yarda a rufe bakin kowa a kansu ba. Amma ka faɗa min a cikin waɗannan wanne ne Baba na ƙetaren rafi ya aikata? Abin da ya sa kisan Uromi ya zama zalunci shi ne an kama mutane da laifin da ba su yi ba don kawai kamanninsu da yarensu. In muka yi wa wani haka a nan mun zama su, sai dai mu da hula. Kuma da wane baki za mu je mu ce wa mutanen Edo ku kare tsirarun da ke cikinku alhali namu tsirarun suna kwana da ido ɗaya duk lokacin da aka yi rikici a garin da ba su ma san a ina yake ba?

Haka ma Fulanin ruga fa, kar a ce na manta. Su Musulmi ne 'yan'uwanmu amma in aka sace wani a Zamfara ko shanun wani suka shiga gona, sai ka ji ana cewa a tashi rugar da ta shekara arba'in a bayan gari, mata masu tallan nono su daina shigowa kasuwa don tsoro. Ciwon ɗaya ne.

Ni ba na jiran Abuja ko Majalisar Ɗinkin Duniya a kan wannan. Tsarin mulkin 1999 ya riga ya rubuta, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci don ƙabila ko addini, amma takarda ba ta tsayawa a ƙofar gida ranar da samari suka taho da gora, mutum ne yake tsayawa. A 2015 da aka ƙona wani coci a Gidan Maso ta ƙaramar hukumar Rogo, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ce a sake gina shi, to irin wannan muke so daga hakimi da dagaci da mai unguwa tun kafin a kai ga ƙonawa. In an zo rubuta sunayen taki wani a cikinmu ya buɗe baki ya ce ba a je ƙetare ba. In ɗanka ya ce wa dattijo arne ka ja masa kunne a wajen kamar yadda za ka yi in limamin unguwa ya zaga. In an turo maka bidiyo a WhatsApp mai tayar da hankali ka tsaya ka bincika kafin ka tura wa mutum hamsin, da yawa tsofaffi ne wasu ma ba a Najeriya aka ɗauka ba. Limamanmu kuma don Allah ko sau ɗaya a shekara a yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabcin da ba Musulmi ba, a kira shi da sunansa, kar a tsaya a kan a zauna lafiya kawai. In kuma an tara gudummawa don waɗanda rikici ya kora daga gidajensu, na Filato ne ko Binuwai ko Borno ko Zamfara, mu bayar ba tare da mun tambayi inda suke fuskanta in za su yi ibada ba, yunwar yaro a sansani iri ɗaya ce.

Baba ya rasu bara da damina. Na samu labari da yamma na je na faɗa wa baffan nan namu, bai ce komai ba ya shiga gida ya sako babbar riga ya ɗauko sandarsa. Rafi ya kawo ruwa har gwiwa, na riƙe masa hannu muka ƙetare, mu biyar ne daga cikin gari har da yayana. Da muka isa babban ɗansa ya taso da sauri ya shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa, baffa ya ce masa ya haƙuri, mahaifinku maƙwabcin kirki ne, mun shaida. Ɗan ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, can ya ce Baffa mun gode, ba mu zaci za ku zo ba. Da magariba ta yi ƙanwarsa, wadda aka fizge wa moɗa a bakin burtsatse, ita ce ta kawo mana ruwan alwala a sabuwar buta, ta nuna mana wajen da aka share a gefen rumbu ta ce nan ne gabas.